Sunan Da Ban Faɗa A Kotu Ba

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Masu cewa na shanya ku kwana biyar, ku yafe min. Sau huɗu ina rubuta shafin nan ina gogewa, don da na zo tsakiyarsa sai raina ya ɓaci. Labarina na farko ne, in kun ga tuntuɓe ku ɗauke kai. Ga Basant nan a bakin taga, inda muka bar ta.

*

Matar da ke ofishin rajistar kotu ta turo min takardar ta ƙarƙashin gilashi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Basant Abdul-Gawad, mai koyon aikin lauya. Zama uku. Na gaba!"

"Madam... nawa kika ce?"

"Uku, 'yata. Kunnenki ne ko bakina?"

"Ai talatin ƙungiyar lauyoyi ke nema kafin a mai da mutum cikakken lauya."

"To saura ashirin da bakwai. Allah ya ba da sa'a. Na gaba!"

Ban matsa ba. Ni da ko a layin burodi aka tsallake ni sai dai in sunkuyar da kai, sai ga ni na riƙe bakin tagar da hannu biyu. Na zaro shuɗin littafina daga jaka, na buɗe mata.

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya na yi. Ga su nan. Rana, lambar ƙara, har abin da na faɗa wa alƙali."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Littafin naki na da hatimin kotu?"

"A'a."

"To kai wa mamanki ta adana miki."

Na bayana suka kwashe da dariya. Wani lauya mai tumbi ya ce, "Ustaza, a taimaka mana, mu ma muna da 'ya'ya a gida."

Na koma gefe ina karanta takardar. Zaman ukun duk a sati ɗaya suke, cikin Fabrairun bara. Na yi ta kallon ranakun har na tuna. Satin da aka yi wa Ammu Shahata aikin ido ne.

Ammu Shahata, wato baffa Shahata, shi ne dattijon magatakardan ofishinmu. Shi ke raka ni kotu kullum. Ranar da na fara tsayawa gaban alƙali, lauyoyi sun fi arba'in a cunkushe, ana ta kiran ƙararraki kamar gwanjo, aka ce in faɗi sunana, sai in'ina ta kama ni. Ba... Ba... Ba... har alƙali ya ce a ba ni ruwa. Da na koma ofis ina kuka, ubangidana Ustaz Rif'at ya miƙo min hankici ya ce, "Share hawayenki, 'yata. Daga yau kin huta. Ki ce kawai kina wakiltar Ustaz Rif'at, ki shiga maganarki. Shahata zai riƙa miƙa wa mai rubutun kotu 'yar takarda da sunanki da lambarki."

Har addu'a na yi masa ran nan.

Sau uku kacal na taɓa faɗin sunana da bakina. Satin da Ammu Shahata ke kwance.

Na koma tagar, na tsallake mutum shida. Ban san ni ce ba.

"Madam, don Allah ƙara ɗaya kawai. Tara ga Mayun bara, shari'ar gidan haya. Wa aka rubuta ya tsaya?"

Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ba ta kore ni ba. Ta lalubo, ta karanta.

"Ziyad Rif'at."

*

Ban jira lif ba. Da ƙafa na hau bene huɗu.

A bakin ƙofa an jingine sabon allon tagulla, ko ledarsa ba a cire ba: RIF'AT DA ƊANSA, LAUYOYI.

Ammu Shahata na teburinsa. Da ya ga takardar hannuna sai ya cire tabarau ya fara gogewa da bakin riga. Bai ce min sannu ba, shi da kullum sai ya tambaye ni ko na karya.

Na tura ƙofar Ustaz ba sallama.

Yana zaune ƙarƙashin fanka yana sa hannu a wasu takardu da alƙalaminsa mai koriyar tawada, wanda ba mai taɓa shi a duk ofishin. Ɗansa Ziyad na miƙe a doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana zuƙar ruwan rake. Fatarsa ta yi duhu da ranar bakin teku.

"A'a! Ustaza Littafi!" in ji Ziyad. "Yau kuma wa ya mutu?"

Na ajiye takardar a kan abin da Ustaz ke sa wa hannu.

Ya kalle ta. Bai yi mamaki ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

"Zauna, 'yata."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Shahata! Kawo mata shayi."

"Ba zan sha ba. Ustaz, ina sauran ɗari biyu da takwas?"

Ya rufe alƙalamin a hankali.

"Kin yi gaggawa. Da wurina kika fara zuwa, da ba ki wahalar da kanki a rana ba."

"Sau goma sha ɗaya na zo maka. Ka ce ban nuna ba tukuna. Ka ce bayan Sallah. Ka ce bayan babbar Sallah. Ran ashirin ga watan nan shekarata huɗu cif da yin rantsuwa, kuma ka fi ni sanin abin da ke faruwa da wanda ya cika huɗu yana ɗan koyo. Goge sunansa ake yi."

"Na sani."

"Saura kwana goma sha tara."

"Na iya lissafi, Basant."

"Kotuna kuma sun tafi hutun bazara!"

Ziyad ya ce, "Baba, ashe tana da murya."

Na juya kansa. Wallahi bakina ya ƙi tsayawa.

"Kai, ɗakin zama na bakwai, a wane hawa yake?"

"Na'am?"

"Sau sittin ka tsaya a cikinsa, in ji takarda. A wane hawa yake?"

"Na... biyu?"

"A ƙasa yake, kusa da banɗaki! Wace ce Sitt Fatahiyya?"

"Ina zan sani? Mai ƙosan ta'amiyya ce?"

"Bazawarar da ka hana a fitar daga gidanta! Zama tara ka yi mata! Ta kawo maka agwagwa soyayya, ni na karɓa, kai ka cinye!"

Ya ajiye kofin yana dariya. "Wallahi agwagwar ta yi daɗi."

"Ziyad," in ji ubansa. "Yi shiru."

Na dawo kan Ustaz.

"Shekara biyun farko ka kulle ni a ɗakin baya ina rubuta maka bayanan shari'a. Ka ce ban isa shiga kotu ba. Rana ɗaya ka ce na isa. Har basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, na saya wa ofis don murna. Yau a kan bene na tuna wane sati ne. Satin da Ziyad ya yi rantsuwa."

Bai musa ba.

"Yaron ba shi da haƙurin zaman kotu," ya ce. "Ke kuma kina da shi. Kowa da baiwar da Allah ya yi masa."

"Talatin yake buƙata! Talatin! Me ya hana ku ɗauki talatin ɗinku ku bar min sauran?"

Nan ne kawai ya ɗan sosa gemu.

"Gaskiya... mantawa na yi ban ce wa Shahata ya daina ba."

Na tsaya ina kallonsa.

"Mantawa."

"Aiki ya yi yawa."

"Ka manta."

"Ba sai kin maimaita ba."

Na tuna takalma uku da na kashe a matakalar kotun nan. Na tuna mamata tana guge min baƙar rigar lauya kowace Juma'a da yamma, tana hana kowa taɓawa. Mutumin nan ya zubar da shekaruna biyu kamar ragowar shayi, wai mantawa ya yi.

"Ba mantawa ba ce," na ce. "In na zama lauya zan tafi. In na tafi, wa zai rubuta maka?"

"Ki iya bakinki. Ubanki, Allah ya jiƙansa, da kansa ya kawo ki nan ya ce in riƙe ki kamar 'yata."

"Ka riƙe ni kuwa."

Ziyad ya yi tsaki. "Ke wai me za ki yi? Takarda ta ce ni ne. Hatimi ya ce ni ne. Ke kuma littafinki na 'yan firamare."

Na buɗe littafin. Hannuna ya san shafin.

"Tara ga Mayun bara, ranar Alhamis. Ƙara goma sha ɗaya. Takarda ta ce ƙarfe goma na safe kana tsaye a kotu a nan Mansura."

"To?"

"Ƙarfe goma na safen ran nan kana Iskandariyya ana ɗaura maka aure."



"Rabin lauyoyin garin nan suna can," na ce. "Mota biyu ka ɗauka musu, Ustaz. 'Yan kwamitin da za su duba takardun Ziyad ma sun ci shinkafar bikin, hotonsu na nan a bangon falo. Ni da Ammu Shahata kaɗai ba a gayyata ba, aka ce wani ya tsare ofis. Na tsare. Gobe zan kai musu takardar ran nan, in tambaye su angon da suka rungume aljani ne ko mutum."

Ziyad ya sauke ƙafarsa. "Baba..."

Ustaz ya ɗaga masa hannu. Ya jingina da kujera yana dubana, har da ɗan murmushi, irin wanda yake yi in na kawo masa hujja mai kyau.

"Madalla. Ni na koya miki. To bari in ƙara miki darasi ɗaya, kyauta. In kin kai ƙara, me za su fara nema?"

Ya ƙwanƙwasa tebur da alƙalamin.

"Amsa mana, ke da kika zo ta ɗaya a ajinku."

"'Yan takardun da aka miƙa wa mai rubutun kotu."

"Rubutun wa ke jiki?"

Rubutun Ammu Shahata ne. Ya san na sani.

"Ni hannuna bai taɓa ko ɗaya ba," ya ce. "Ziyad bai san ma ana yi ba, kin dai gani da idonki. Tsoho ne ya ruɗe, ido ba lafiya, ya yi ta rubuta sunan da bai kamata ba. Shigar da ƙarya cikin takardun kotu, shekara nawa ne, Basant? Kin fi ni haddar dokar."

"Kai ka sa shi!"

"Wa ya ji?"

"Shekara talatin da biyar yana ɗaukar maka jaka!"

"Shi ya sa zan ji zafi sosai in aka kama shi. Shekararsa sittin da takwas. Ga ciwon suga."

Na ji ƙarar cokali a bayana. Ammu Shahata ne a bakin ƙofa da tiren shayi. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya ajiye tiren a kan teburi, shayin ya ɗan zube, ya fita bai kalli kowa ba.

Mutumin da ke raba gurasarsa biyu ya ba ni rabi a barandar kotu. Mutumin da ya miƙa sunan wani sau ɗari biyu da takwas ina tsaye kusa da shi. Na rasa wanne zan tsana, wanne zan tausaya wa.

"Yanzu zauna," in ji Ustaz, muryarsa ta yi laushi. "Ni ba azzalumi ba ne. Na riga na yi miki tanadi."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda. Shaidar kammala horo ce, da sunana, da sa hannunsa, da hatimi. Abin da na yi shekara biyu ina roƙo. Ya ajiye ta inda zan iya karantawa, amma bai ɗauke yatsunsa daga kai ba.

"Kotunan gaggawa ba sa hutu. Ina da ƙararraki a nan, da garuruwa biyu na kusa. Ke kaɗai ba za ki iya haɗa ashirin da bakwai a kwana goma sha tara ba, ko da kina tashi sama. Amma ke da Dumyana za ku iya."

Dumyana ita ce sabuwar mai koyon aiki. Watanta biyar da rantsuwa. Kullum da 'yar jakar goyo da sandwici biyu, ɗaya nawa. Abla take kirana, wato yaya.

"Ban gane ba," na ce. Na gane sarai.

"Ke ki tafi nan, ita ta tafi can. 'Yar takarda ta ce Basant a duka biyun. Sai dai a kula kada lokaci ya zo ɗaya, kada a sake irin ta ranar biki." Har ya yi dariya. "Ran goma sha tara ki kai takardunki, ki zama lauya. Mamanki ta yi guɗa."

"Ita fa?"

"Yarinya ce, tana da shekaru a gaba. In lokacinta ya yi, wata za ta zo."

"Wata za ta zo."

"Haka ofishin nan ke tafiya, 'yata. Kowa ya ɗauki wani, wani ya ɗauke shi."

"Ziyad wa ya ɗauka?"

Ziyad ya ce, "Ni na ɗauki agwagwa."

Ban san lokacin da na ɗaga kofin shayin ba. Ban watsa masa ba. Na so, Allah ya sani na so. Na mayar da shi kan tire da ƙarfi har ya tsage.

Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, idona bai bar takardar nan ba. Na ga sunana a rubuce da kyau, ba in'ina. Na ga ƙaramin ofis da allona a ƙofa. Na ji zuciyata na cewa ai ba sata ba ce, naki ne ake mayar miki. Na daɗe a tsaye ina jin wannan muryar, kuma Ustaz na kallona yana jin ta tare da ni.

"Je ki yi tunani," ya ce. "Zuwa la'asar."

Na ɗauki littafina na fita.

*

A falo Dumyana ta tare ni, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Abla Basant! Abla, albishirinki! Gobe zan shiga kotu! Ni kaɗai!"

"Gobe?"

"Ustaz ya kira ni da safe, kina fita. Ya ce na isa. Wallahi tsoro nake ji. Amma ya ce kada in damu, ba sai na faɗi sunana ba ma. In ce ina wakiltarsa kawai, in miƙa wannan."

Ta nuna min 'yar takarda a ninke, an manne bakinta.

Da safe. Tun kafin in dawo. Tun kafin ya tambaye ni. Zuwa la'asar ɗin ma ƙarya ce, ya riga ya yanke cewa zan yarda.

"Kin buɗe?"

"A'a, ya ce ba kyau, sirrin ofis ne. Abla, me zan saya wa mutane? Wane kayan zaƙi, basbusa ko kunafa?"

Na ji kamar an mare ni.

"Ba ni in gani."

Na yage bakin. Basant Abdul-Gawad. Ga lambata a ƙasa.

Sai na sake kallo.

Rubutun ba na Ammu Shahata ba ne. Nasa ƙanana ne, da baƙin biro. Wannan manya ne, a karkace, da koriyar tawada.

Na ɗago. Tsohon na zaune a teburinsa, tabaransa a ajiye a gabansa, hannayensa biyu a kan gwiwa.

"Idon ne ya tashi min yau da safe, 'yata," ya ce a hankali, yana kallon bango. "Na ce wa Ustaz ko alif ba na gani. Yana sauri, sai ya rubuta da kansa."

"Ammu..."

"Ni ban ce komai ba. Tsoho ne ni, na ruɗe. Kin dai ji da kunnenki."

Dumyana na kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Abla, lafiya? Sunan wa ke ciki?"

Na kama kafaɗunta. Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ta cika falon.

"Dumyana, gobe in an kira ƙararki, da bakinki za ki faɗi sunanki. Ko za ki yi in'ina har azahar. Ko za su yi dariya har su faɗi ƙasa. Ki faɗa, ki tsaya a kan mai rubutun sai kin ga ya rubuta. Kin ji ni?"

"Na... na ji."

Shi ke nan. Ashirin da bakwai ɗina sun tafi, ni na kore su da bakina.

Ƙofar ofis ta buɗe.

Ustaz Rif'at ya tsaya a bakinta. Ya kalli Dumyana. Ya kalli Ammu Shahata. Sannan idonsa ya sauka kan koren rubutun da ke hannuna, na ga murmushin nan ya bar fuskarsa a karo na farko cikin shekara huɗu.

Ya miƙo hannu.

"Basant. Kawo takardar nan."

Na buɗe shuɗin littafina, na sa ta a tsakiya, na rufe, na rungume shi a ƙirji.

"Ba zan bayar ba."

Na juya zan fita.

Ziyad ya riga ni isa ƙofar bene. Ya murza makulli sau biyu, ya zare shi, ya jefa a aljihu.